Jinin Injiniya Ya Yi Yawa

Tana kan keken ɗinki a falo mijinta ya shigo, ya jefar da jakar kayan gyaran famfo bayan ƙofa, ya dafe ƙeya.

"Injiniyana, ciwon kan ne kuma?"

"Rana ce kawai, Telata."

Wace rana! Macen da ke auna mutum da ido za a yi wa wannan? Sun daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba, mahaifiyarsa Umma ta sa su gaba, sai yayansa mai gidan motsa jiki ya fara yi masa allurar testosteron, wai ƙarfin maza, wai ita za ta kawo jika. Tun daga nan wuyan rigarsa ya matse, idanu suka yi ja, mutumin da bai iya faɗa ba ya koma yi wa buta tsawa.

Da lallashi da hawaye ta kai shi gwaji. Mai gwajin ya ce jininsa ya yi yawa, ya ga likita da wuri. Maimakon asibiti, sai ya kai wa Umma labari.

"Jini ya yi yawa? Alhamdulillahi!" in ji Umma, sannan ta juyo kan surukarta. "Mutane na kwance ana neman mai ba su jini, ɗana ya samu har da rara, ke kuma kina kuka?"

"Umma, wallahi ba irin wannan yawan ba ne..."

"Rufe min baki! Kin hana ni jika, yanzu lafiyarsa kike wa baƙin ciki. Tattara ki tafi gidanku!"

Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ta fi zagin ciwo, amma ba ta rama ba. Ta ɗauki mayafi, ta tsaya a gabansa.

"Zan tafi. Amma ka bar wayarka a kunne, don Allah."

Ba a yi nisa ba wayar ta yi amfani. Tana wanki a gidan iyayenta ya kira, murya na sarƙewa.

"Telata... ƙirjina..."

Ko takalmi ba ta daidaita ba. Ta same shi durƙushe ƙarƙashin wurin wanke hannu a gidan da ya ce mata yana aiki, zufa sharkaf. Ita ta tare mota, ita ta riƙe kansa har asibiti tana kiran sunan Allah.

Da ya farfaɗo, likita ta tara su, ita da Umma da yayansa, a bakin gadon.

"Testosteron da jikin namiji ke yi da kansa yana da amfani, har ga jijiyoyin jini. Wanda nasa ya yi ƙasa, mu ke gwadawa mu ba shi daidai. Amma wannan lafiyarsa ƙalau kuka ɗura masa. Jinin ya yi kauri, ya hau, har ya fara daskarewa a jijiyar zuciya."

"To ba yawa aka ce ya yi ba?" Umma ta tambaya a sanyaye.

Injiniya ya yi murmushin wahala. "Umma, taɓo na tura a bututu, injin ya kusa ƙonewa."

"Kuma allurar nan," likita ta ƙara, "rage ƙwayoyin haihuwa take yi."

Yaya ya sulale ya fita. Umma ta fashe da kuka, ta kamo hannun surukarta.

"'Yata, na kore ki kina ceton ɗana. Ki yafe min!"

"Haba Umma, ya wuce."

"Ni fa, Telata? Sori mana."

"Kai sai ka sha magani tukuna, mai jini da rara!"

Aka daina allura, ya riƙe magani da tattaki, jini ya daidaita. Wata rana Umma ta kawo ziyara ta tarar da ita kan keke, ta gama rage wuyan rigunan mijinta da ta buɗa a baya, tana farke tata rigar.

"Wannan kuma ragewa za ki yi?"

"A'a Umma, ƙara mata ciki zan yi."

Umma ta tsaya cak, sai ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Ku ji, maza da iyayen maza: kada gaggawar neman jika ta sa a binne ɗa. Ƙarfin namiji ba a allurar gefen hanya yake ba, kuma wadda ta hana ka abin da zai kashe ka, ita ce mai ƙaunarka.