Wayar da Ta San Hanya

Ƙarfe biyu da kwata ina tsaye a bakin wani lungu da ban taɓa gani ba, jakar aiki a kafaɗa, zufa na bin bayana, wayata kuma tana nuna mini wai ina tsakiyar kududdufi.

An tashi su Shalele tun ɗaya da rabi.

Na juya gabas, kibiyar da ke kan taswirar ba ta juya ba. Na juya yamma, tana nan kamar an kafe ta da ƙusa. Na tambayi wata mata mai shanya, ta ce in miƙe in sha kwana wajen tankin ruwa. Tankuna uku na wuce.

Lokacin da na isa makarantar ƙarfe uku ta gota. Shalele, 'yata mai shekara biyar, na zaune a kan jakarta a bakin get, maigadi na yi mata fifita da kwali. Ba ta yi kuka ba, shi ne ma ya fi ci mini rai. Ta ɗago kawai ta ce,

"Umma, na ɗauka ke ma kin tafi irin na Abba..."

Ni ma'aikaciyar jinya ce, irin masu bin marasa lafiya gida-gida. Wankin ciwo, allura, awon sukari. Kullum sabon gida, a unguwannin da layukansu ba suna ba lamba. Mahaifin Shalele kuwa mutum ne da zai ce bari ya je bakin titi ya dawo, sai a gan shi bayan sati uku. Shekara huɗu ina aurensa ban taɓa sanin inda yake ba, har ranar da takardata ta iso ta hannun wani.

A bakin get ɗin nan na yi alkawari yarinyar nan ba za ta sake jiran kowa haka ba.

Washegari Yaya ya tura ni wajen abokinsa Manaja, mai babban kantin wayoyi a kasuwar waya. Na san dalili. Manaja ya daɗe yana aiko wa Yaya gaisuwa mai tsawo a kaina. Ya sa aka kawo mini lemo, ya fito da wata waya mai kyamara huɗu, ya ce hotona a cikinta sai na rantse amarya ce. Na ce ni taswira nake nema, wadda ba za ta ɓatar da ni ba. Ya yi dariya ya ce ai kowace waya tana da taswira, kamar yadda kowane kai ke da gashi.

Na ce zan yi shawara.

A ƙarƙashin matakalar benen akwai wani ɗan tebur cike da gawarwakin wayoyi, da wani mutum siriri mai tabarau yana ƙona dalma. Injiniya suke ce masa. Na miƙa masa tsohuwar wayata ya duba ko tana gyaruwa. Ya buɗe taswirar, ya juya jikinsa sau ɗaya, ya miƙo mini.

"Ba ta lalace ba, Sista. Haka aka haife ta. Ba ta da kamfas."

Ya yi mini bayani a hankali, ba irin na masu son a ce sun sani ba. Ya ce GPS na gaya wa waya inda take, amma kamfas ke gaya mata inda ta fuskanta, kuma ƙananan wayoyi da yawa ba a sa musu shi. Ya ce mai aiki irin nawa ta manta da kyamara. Ta nemi wayar da ke kama taurarin ɗan'adam da yawa, don kada dogayen gine-gine su ruɗa ta. Ta nemi batirin da zai kai yamma taswira na kunne, da fuskar da ake iya karantawa a tsakar rana, da wurin da za a sauke taswirar garin gaba ɗaya saboda inda sabis ya ɗauke.

Na ce to yaya zan gane duk wannan daga jikin kwali?

Ya ce ba a ganewa daga kwali. Ya rufe teburinsa da tsumma, ya aro wayoyi biyu wajen wani maƙwabcinsa, ya ce mu je.

Muka shiga tsakanin benayen kasuwar, inda sama ta zama siririya kamar zare. A waya ta farko shuɗin ɗigon da ke nuna inda muke ya dinga tsalle kamar fara, yanzu yana nan, anjima ya tsallake titi. A ta biyun, wata baƙa mai kauri wadda ba wanda zai kalla sau biyu, ɗigon ya biyo mu taku-taku. Na juya, kibiyar ta juya tare da ni. Na sake juyawa. Na sake.

"Kar jiri ya ɗebe ki," ya ce, "ba ni da maganinsa a teburina."

Rabon da in yi dariya da namiji har na manta.

Baƙar na saya. Tun daga ranar ban ƙara makara ba. Na sa alama a gidan kowane mara lafiya, na sa jar zuciya a makarantar Shalele. Sai dai na dinga samun dalilin komawa ƙarƙashin matakalar nan. Yau a sauke mini taswirar sabuwar unguwa, gobe a duba mini caja da lafiyarta ƙalau. Shalele ta sa masa suna Kawu Waya, shi kuma ya ware mata wata matacciyar waya da ɗan sukundireba tana yi mata tiyata.

Wata rana, ban san abin da ya kunce mini baki ba, na ba shi labarin mahaifinta. Na ce ba talauci ne ya karya ni ba, ba faɗa ba ne. Rashin sanin inda mutum yake ne.

Ya ajiye wayar da yake gyarawa. Can ya ce in ba shi wayata. Ya ɗan latsa tasa, ya latsa tawa, ya ce ya sa mini wani abu, in na samu natsuwa in duba. Idona na kan agogo, ɗaya saura kwata. Na ce to, na fizgi jakata na fita.

Ban duba ba.

Bayan wata biyu Injiniya ya ce yana son ya turo manyansa. Na gaya wa Yaya. Yaya kafinta ne, hannunsa da zuciyarsa duk masu saurin ɗauka. Ya ce mutumin da ko shago ba shi da shi, a ƙarƙashin matakala kamar kyanwa? Ya ce na taɓa zaɓa da kaina an ga yadda ta kaya. Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa.

Ranar Asabar ya kira ni gidansa. Na tarar da Manaja a falo, ya harɗe. Manaja ya ce in ara masa wayata minti ɗaya. Ya buɗe taswirar, ya shiga wani wuri da ban taɓa shiga ba, ya juyo mana da fuskarta.

Ga hoton Injiniya, ɗan ƙarami a cikin da'ira, a kan taswirata.

Manaja ya girgiza kai ya ce halin masu gyara ke nan. Ka ba su waya, su haɗa ta da tasu, duk inda mace ta sa ƙafa suna kallo. Ya ce shi ba don komai ba, yarinyar yake tausayi. Mutum ya san makarantarta, ya san lokacin tashinta, ya san sa'adda uwarta take can wata unguwa...

Ban ji ƙarshen maganar ba. Jar zuciyar nan kawai nake gani.

Ko gida ban koma ba. Na sami Injiniya yana cire fuskar wata waya, na dangwarar da tawa a kan teburin har ƙananan sukurori suka watse.

"Mene ne wannan?"

Ya duba, ya yi murmushi. "Sai yau kika gani?"

Murmushin ne ya ƙarasa ni. Na ce na ba shi amanar wayata da labarina, ashe leƙen asirina yake. Na ce in ni ce da sauƙi, amma 'yata? Ya miƙo mini tasa wayar ya ce don Allah in buɗe in duba. Na ce ba na taɓa kayan maƙaryata. Na ce in ya sake zuwa kusa da ni ko Shalele, hukuma ce za ta raba mu.

Ya cire tabaransa ya ajiye.

"Maman Shalele, ki tsaya ki ji..."

Ban tsaya ba.

Kwana tara. Na canza hanyar zuwa makaranta. Na ce wa maigadi kada ya ba kowa yarinyar sai ni. Na yi niyyar sayar da wayar, amma wa zai kai ni gidajen marasa lafiyata? Na yi niyyar goge hoton, na kasa gano inda ake gogewa, ko kuma ban nema da gaske ba. A motar haya, a layin kantin magani, ina jiran ruwan allura ya ƙare, sai in ga yatsana ya kai can.

Ga shi a kasuwa. Ga shi a masallaci. Ga shi a gidan mahaifiyarsa. Kasuwa, masallaci, gida. Mutum kamar agogon bango.

Shalele ta tambaye ni ko Kawu Waya ma ya tafi irin na Abba. Na ce ta ci abincinta.

Rana ta tara ina naɗe wa wata tsohuwa bandeji, na leƙa. Hoton ya bar kasuwa. Yana tafiya, yana bin babban titi, ya sha kwana... ya shiga layin 'yan katako.

Wajen Yaya.

Na san Yaya, na san ya rantse in ya ga Injiniya sai ya fasa masa kai. Na ɗaure bandejin, na ba tsohuwar haƙuri, na fito da gudu. Daga unguwar nan ban san hanyar layin 'yan katako ba. Na danna hoton, wayar ta zana mini hanya, na tari mai babur ina ce masa dama, hagu, miƙe. A kan babur ɗin ne, iska na dukan fuskata, abin ya faɗo mini. Kwana tara ina kallon mutumin nan. Ni nake ganinsa. To wa ya taɓa nuna mini cewa shi yana ganina?

Na same su a tsakiyar shagon, ƙurar katako har idon sawu. Yaya riƙe da guduma, yaransa sun daina aiki. Injiniya ya ɗora wayarsa a buɗe a kan wata ƙofa da ba a gama gogewa ba.

"Yaya, ka duba da kanka. In ka ga ƙanwarka a ciki, ka fasa wayar, ka bi da ni."

Na riga Yaya ɗauka. Na shiga wurin da Manaja ya nuna mini. Ba hotona. Ba kowa. Sai layi ɗaya da ke cewa mutum ɗaya ke iya ganin inda mai wayar nan yake, ga sunana a ƙasa. Na buɗe tawa, na karanta abin da ya kamata in karanta tun ranar farko: ba wanda ke ganin inda nake.

Na zauna a kan buhun ƙusa.

"Kin ce rashin sanin inda mutum yake ne ya karya ki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ni da kanti, ba ni da mota. Na duba abin da nake da shi, na ga wannan zan iya ba ki. Laifina da ban zaunar da ke na faɗa miki da baki ba."

"Bayan zagin da na yi maka, me ya hana ka kashe?"

"In na kashe, ai na ɓace miki ke nan. Irin nasa."

Yaya ya karɓi wayoyin biyu ya jera su, ya daɗe yana kallo kamar mai auna katako. Ya tambayi Injiniya ko mai sayar da waya zai iya kasa bambance wannan. Injiniya ya ce shi dai ba zai shiga zuciyar wani ba, amma ko yaron kantin Manaja ya san bambancin. Yaya ya ajiye gudumar a hankali. Ya ce shekara ashirin suna tare da Manaja.

Sai ya harare ni ya ce, "Ke kuma da karatunki, layi ɗaya ya gagare ki?"

Na share hawayena na ce wa Injiniya ina da sharaɗi. Duk abin da zai taɓa a wayata, ko a rayuwar 'yata, sai ya faɗa mini da baki, na ji, na maimaita. Ya ce ya yarda, ko caja zai canza sai an yi zama. Yaya ya ce manyansa su zo ranar Lahadi, kuma kujerun ɗakin shi zai yi, kada wani ya kawo masa na kanti.

Agogo ya nuna ɗaya da minti goma. Na miƙe a firgice. Injiniya ya ce daga nan zuwa makarantar minti goma sha biyu ne in aka bi ta bayan gidan mai. Na duba wayar. Sha biyu ta ce.

Nawa ɗigon ban kunna masa ba sai bayan an ɗaura aure, da hannuna, yana zaune yana kallo.

Yanzu da yamma Shalele kan karɓi baƙar wayar ta zauna a bakin ƙofa, ta ɗora ta a gwiwa. Ba ta tambayata ko zai dawo. Takan bi ɗan hoton da yatsa, daga kasuwa, ta babban titi, har ya iso kwanar layinmu.

"Umma, zuba ruwan shayi," takan ce. "Ga shi nan ya sha kwana."