Layi na Ɗari Biyar

"Ba ni makullin durowar."

Injiniya ya ɗago daga bayan injin kwafin da yake gyara mini, hannunsa duk baƙin tawada, yana murmushi.

"Manajata, wane makulli kuma?"

"Wanda na ba ka. Ba ni abina!"

Murmushin ya tafi. Ya dube ni, ya dubi Yayana da ke tsaye a bakin ƙofar shago ya harɗe hannu, ya sake dubana.

Saura wata biyu aurena da Injiniya a ranar.

Shagon kwafi da kayan rubutu ne Baba ya rasu ya bar mana, ni nake riƙe da shi. Da can a ka nake lissafi, kuɗi su shigo su fita ban san hanyar da suka bi ba. Injiniya, mai gyaran kwamfuta a layinmu, shi ya zauna ya tsara mini jadawali a kwamfuta. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, layi ɗaya kullum. Shafi ɗaya na abin da ya fita, kowane kashi da layinsa, ko da kuɗin ruwan sha ne. A can sama akwai ɗan akwati kore da ke faɗin abin da ya kamata in tarar a durowa.

"In kin kai layi na ɗari biyar ki kira ni," ya ce a lokacin.

"Sai na kai ɗari biyar zan kira ka?"

"To, kira ni tun a na ɗaya."

Na yi dariya, na ɗauka zancen soyayya ne kawai. A kan jadawalin nan muka saba, a kansa na fara son shi, son da ban taɓa yi wa kowa ba.

Sai ga shi akwatin kore ya daina dacewa da durowa. Yau ɗari bakwai babu, gobe dubu biyu. In ƙirga, in sake ƙirgawa, har yatsuna su yi ciwo. Cikin sati uku giɓin ya kai dubu talatin da biyu da ɗari uku. In ya tambaye ni me ke damuna, in ce ba komai. Ni dai akwai taurin kai, kuma ina tsoron amsar.

Yaya dama bai taɓa son shi ba.

"Mai gyara ne fa! Shagon Baba yake so, ba ke ba."

Mai turaren da ke shagon kusa da nawa, wadda tun tuni idonta ke kansa, ita ta ƙarasa hura wutar.

"Ƙawata, ba na son shiga tsakani... amma ranar da kika fita banki na gan shi da idona ya buɗe durowarki."

Shi ya kawo mu wannan yammacin da na ce ya ba ni makullina.

"An ce ka buɗe durowa ba na nan," na ce. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Me ka yi a ciki?"

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Tunda har kin iya tambaya, amsar ba ta da sauran amfani. Amma bari in ga jadawalin, minti biyu kawai..."

"Don ka gyara shi ya dace da satarka?" Yaya ya daka masa tsawa.

Ya dube ni, yana jira in ce wani abu.

Na miƙa hannu na rufe kwamfutar.

Ya goge hannunsa da tsumma, ya zare makullin daga cikin nasa, ya ajiye a kan tebur a hankali. Sai da ya mayar wa injin kwafin murfinsa, ya ɗaure kusoshinsa, sannan ya fita.

Aka fasa aure. Umma ta yi kuka, Yaya ya ce Allah ya raba ni da ƙaya. Na canza makulli.

Giɓin bai tsaya ba.

Na sha jinin jikina, amma na ƙi faɗa wa kowa, sai ranar da Autarmu, wadda ke karatun akanta, ta zo hutu ta same ni na kifa kai a kan tebur.

"Matsa in gani."

Ta danna akwatin kore, ta duba, ta koma shafin kashe kuɗi ta gangara ƙasa. Sai ta nuna mini da yatsa.

"Jimillar nan a layi na ɗari biyar take tsayawa. Duk abin da kika rubuta a ƙasansa ba ta ganinsa. Kin kashe kuɗin da hannunki, ita kuma tana ce miki suna durowa."

Na matso kusa da ita.

"Haɗa mini... daga nan zuwa ranar da ya tafi."

Ta haɗa.

"Dubu arba'in da biyu da ɗari uku. Amma kin ce giɓin talatin da biyu ne? To ai durowarki ƙari ma ta yi. Wa ya zuba miki dubu goma?"

Sai na tuna maganar mai turare. Kuka ne ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fasa auren.

Washegari na ɗauki kwamfutar na tafi shagonsa. Yana zaune a cikin tarin wayoyi, ya rame, ko ni ce na ga haka.

"Injiniya... na gano. Layi na ɗari biyar ne. Ka ce in kira ka, ban kira ba. Kuma dubu goman nan..."

"Na ga kina ƙirga kuɗi kina share hawaye, na ɗauka kasuwa ce ta ƙi."

"Ka yafe mini, don Allah!"

"Na yafe tun ranar."

"To mu koma yadda muke. Zan je wajen Yaya, zan faɗa wa kowa, zan..."

"Yayanki bai san ni ba, ba shi da laifi. Ke kin san ni." Ya yi ajiyar zuciya. "Minti biyu na roƙa, kika rufe kwamfutar. Ba zan iya zama gida ɗaya da ke ina jiran ranar da wani abu zai sake ɓata ba."

Ya miƙo hannu, zuciyata ta yi tsalle. Ashe kwamfutar yake so. Ya buɗe, ya danna akwatin kore, ya goge lamba ɗaya ya rubuta wata. Bai kai minti biyun ba.

Ya turo mini ita, bai ce Manajata ba.

"Na kai miki shi layi na dubu ashirin, ranki ya daɗe. Ba sai kin sake kirana ba."