Ƙwayar da Ta Ƙi Fashewa

Da misalin ƙarfe tara na safe ƙwayar ta suɓuce daga hannun Baba Fitila, ta faɗo kan tayil ɗin babban zauren otal. Anti Makulli, shugabar masu gyaran ɗakuna, ta runtse ido tana jiran ƙarar fashewa. Ba ta ji ba. Abin ya yi tsalle sau biyu kamar ƙwallon yara, ya gangara ya tsaya a bakin takalminta.

Ta duƙa ta ɗauka. Babu nauyi, babu sanyi. Roba ce.

Ƙwayar ta babbar fitilar zauren ce, fitilar da ita ce abin taƙamar otal ɗin. Shekara sittin da suka wuce mai otal na farko ya yo odarta cikin akwatuna tara, sai da aka ɗaga rufin zauren kafin ta sami wurin rataya. Ƙwayoyin ƙarau dubu da ɗari biyu ne a jikinta, kowace a ɗaure da siririyar wayar tagulla. Baƙo ko ya kwaso gajiya sai ya ɗaga kai ya yi hoto kafin ya karɓi makullin ɗaki. Sau ɗaya a shekara ake sauke ta da sarƙa, kamar yau, Baba Fitila ya kwance ta ƙwaya-ƙwaya, ya wanke da ruwan ɗumi da auduga, ya mayar ya ɗaure. Shekararsa arba'in da ɗaya yana wannan aiki, saura wata biyu ya yi ritaya.

Kafin sha biyu an ware ɗari uku da goma, duk roba. Manaja ya sauko cikin kwat ɗinsa mai ƙamshi, ya dafe kai, ya kira 'yan sanda.

Sifeton da ya zo gajere ne, ba ya son dogon zance. Ya sa aka ajiye masa tebur a gefen fitilar.

"Bara da aka wanke ta lafiya take?"

"Lafiya lau," in ji Manaja.

"An sake sauke ta tun daga nan?"

"Sau ɗaya. Makon da aka yi fenti. Mun rufe zauren, mun lulluɓe kyamarori da leda."

"Makullin zauren fa?"

"Uku ne. Nawa, da na mai lantarki, da na Baba."

Mai lantarki ya zo yana zufa. Ya ce makon fenti gaba ɗaya yana asibiti, matarsa ta haifi tagwaye, nas-nas ɗin duk sun san shi saboda yawan tambaya. Sifeto ya buga waya, ya tabbatar, ya sallame shi.

Sai ya ɗaga robar guda ya duba wayar da ke jikinta. An murɗa ta sau uku, an lanƙwasa bakinta ciki, babu sawun filaya.

"Ɗaurin wa ke nan?"

"Ɗaurin Baba ne," in ji Manaja a hankali. "Kowa ya sani. Yana mayar da bakin ciki don kada ya yagi auduga ko ya soki mai wanki. Wallahi ban so faɗa ba."

Baba Fitila ya karɓi robar ya daɗe yana kallon wayar. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Baba, kai ka ɗaura?" in ji Sifeto.

Tsohon ya ajiye robar kan tebur.

"Magana nake maka."

"Ba ni da abin cewa, ranka ya daɗe."

Sifeto ya ce a kira mota. Anti Makulli ta ji kamar ta kurma ihu. Mutumin da ya taɓa tsintar zoben gwal a kwandon shara ya bi baƙuwa da shi har tasha, shi za a fitar ta gaban masu gadi da ankwa? Ta roƙi minti goma, ta ja tsohon bayan ginshiƙi.

"Baba, ni da kai mun san abin da muka sani. Shekara uku ke nan kana riƙe kofin shayi da hannu biyu. Wa ka koya wa ɗaurin nan?"

"'Yata, bar shi."

"Ba zan bari ba."

Ya kau da kai. Wannan kau da kan ya ishe ta. Ta nufi dogon barandan da aka jera hotunan tarihin otal, wanda take sa a goge kullum amma ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Ranar buɗewa, gobarar kicin, ƙarin hawa biyu. Can ta tsaya a hoton cika shekara talatin. Ga fitila a ƙasa, ga Baba da baƙin gashinsa, ga wani siriri a gefensa riƙe da bokiti. Ta san kunnuwan nan.

Ta koma ta yanko guntayen waya daga akwatin Baba, ta zube su kan tebur da ƙwayoyi biyu.

"Ranka ya daɗe, kafin mota ta iso, a ce Baba ya ɗaura guda a gabanka." Ta juya ga tsohon. "Ka yafe mini, Baba."

Ya ɗauka. Wayar ta shiga rawa tsakanin yatsunsa, ta ƙi shiga ramin ƙwayar. Ya gwada sau huɗu. Ma'aikatan da suka taru suka sunkuyar da kai.

"Bara a jikin fitilar ya wanke su, bai kwance ko ɗaya ba," in ji ta. "Ni na rufa masa asiri don kada a sallame shi. Hannun nan ne zai ɗaura ɗari uku da goma cikin mako guda?"

"Wasan kwaikwayo ne!" in ji Manaja. Ya matso teburin ransa a ɓace, ya shiga zuba bayani: sunan otal, bikin cika shekara sittin, abin da masu otal za su ce. Anti ta dai tura guntuwar waya kusa da hannunsa, ta bar shi yana ta faɗa. Mutum in ransa ya ɓaci, hannunsa kan nemi abin yi.

"Yallaɓai, me ke hannunka?" in ji ta.

Ya duba. Murɗi uku, baki a lanƙwashe ciki. Sifeto ya karɓa ya jera da wayar robar, ba a iya bambanta su.

"Shi ne mai bokiti a hoton baranda," in ji Anti. "A gindin fitilar nan ya fara aiki kafin ya hau sama, ba ya so a tuna. Makulli ɗaya na hannunsa, shi ya ce a rufe kyamarori. Ya yi ɗaurin Baba don in asiri ya tonu a ce tsoho ne, bai san hannun tsohon ya daina ba, don rabon da ya tsaya ya gaishe shi an daɗe. Baba kuwa yana ganin wayar ya gane hannun, shi ya sa ya yi shiru."

A ƙasan kabad ɗin ofishin Manaja aka sami ƙwayoyin ƙarau casa'in, kowace a naɗe cikin auduga ita kaɗai. Sauran ya sayar wa wani dillalin kayan tarihi. Masu karɓar baƙi suka tsaya baki buɗe, wata ta zauna a ƙasa daɓas.

Da aka zo wucewa da shi, Baba Fitila ya sha gabansa. Anti ta ɗauka tsinuwa za ta biyo baya.

"Da kake kwance su," in ji tsohon, "ba ka fasa ko ɗaya ba?"

Manaja ya kasa ɗaga ido. "Ban fasa ba, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya matsa gefe aka wuce da shi. Sannan ya zauna a bakin bokitinsa ya fashe da kuka.