Ba Ciki Ba Ne

"Hilla, ki rufe tagar nan mana! Sauro ya cika kicin."

"Ya cika ɗin."

"Dubi hannuna fa... Sun mayar da ni abincin rana."

"To ka fita ka bar musu ni! Taga dai ba zan rufe ba."

Ilari ya tsaya da kofi a hannu yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ni kuwa na zura kai waje ina fifita da murfin tukunya. Wutar ce ta taso. Haka take yi min, ba sallama ba gafara: ta faro daga ƙirji, ta hau wuya, ta mamaye fuska har cikin kunnuwa, ta bar ni sharkaf kamar wadda aka tsamo daga tafki.

"Zinariya," ya ce a hankali, sunan da yake kirana da shi in zai lallashe ni, "maganin ne. Zai wuce."

"Kai ne likitan?"

"A'a, amma..."

"To ka yi shiru!"

Ya yi shirun kuwa. Mijina ba ya wahalar yin shiru, a nan ya fi ƙwarewa. Ya ajiye kofin, ya zura takalman roba ya nufi garke. Ina jin ƙarar ƙofa na fashe da kuka, don wallahi bai yi min laifin komai ba.

Shekarata talatin da uku. Shekara biyu da suka wuce aka gano sankara a nonona na hagu. Aka yanke shi, aka yi ta ɗura min ruwan maganin nan har gashina ya zube tas. Na warke, gashi ya dawo, kowa ya yi murna. Al'ada ce kawai ta tafi ba ta dawo ba. Barci ya ƙaurace min, gwiwoyina suka fara ƙara, na koma masifaffiya, sai ka ce an ɗauko tsohuwa an cusa ta a jikina.

Ranar Alhamis na je asibiti a birnin Kuopio ni kaɗai, na ce wa Ilari kayan lambu zan sayo. Likita ta juyo da takardar gwaji ta fuskance ni, ta ce ƙwayayen haihuwata sun ƙare, ba za su farfaɗo ba. Maganin da ake ba sauran mata ya rage musu zafin ma ni haramun ne a gare ni, domin shi ne abincin ciwon. Na yi mata godiya kamar ta ba ni kyauta, na fito.

Gonar Rissanen kuwa, dangin mijina, tun kakan kakan kakansa take hannunsu, uba ya miƙa wa ɗa. Ilari shi kaɗai ne wurin uwarsa. Ni na san yadda yake ɗaukar 'ya'yan mutane a coci, ya ƙi saukewa. Shi ya sa tun a hanyar dawowa na kira yayata a birnin Oulu na ce ta gyara min ɗaki. Na haɗa jaka na ɓoye a but ɗin motata. Lahadi da safe zan tafi, in bar shi ya sami wadda za ta haifa masa. Ina son sa har cikin ɓargona, kuma ban ga wata hanyar nuna masa ba sai wannan.

Ranar Asabar ce, don haka ƙarfe biyu muka tsallaka tsakar gida shan kofi wurin Raili, surukata. Tun rasuwar mijinta ta koma ƙaramin gidan ta bar mana babban. Da na shiga na ga ta fito da kofunan aurenta masu bakin zinare, na san akwai magana. Ga burodin kirfa da zafinsa, ga kek ɗin da ba ta yi sai da dalili.

"Mama, baƙi za mu yi?" in ji Ilari.

"Wa ya sani?" Ta kashe min ido. "Zauna nan, Hilla, kusa da taga. Na ga kwanan nan iska kike so."

"Na gode."

"Kuma kin daina shiga sauna, wankan tururi ya gagare ki. Kuma kuka ba ya miki wuya. Jiya har kyanwa kika yi wa tsawa." Tana zuba kofi tana murmushi. "Ni dai ban ce komai ba. Ƙawata ce ta ce ta hango wata ranar Alhamis a sashen mata, a Kuopio. Na ce mata idonta ne ya fara lalacewa."

Ilari ya juyo. "Sashen mata? Ba kayan lambu kika..."

Kafin in buɗe baki Raili ta ajiye wani ɗan ƙunshi a gabana. Na warware. Safa ce ta ulu, fara sol, guda biyu, kowacce ba ta fi babban yatsana ba.

Na ɗago na kalli mijina. Wayyo Allah, da ban kalla ba! Fuskarsa ta buɗe gaba ɗaya, idanunsa suka ciko, leɓɓansa na motsi ba magana. Shekara shida da aurenmu ban taɓa ganin irin wannan farin cikin a fuskarsa ba.

"Hilla... da gaske?"

"Ba ciki ba ne!" Ban san na miƙe ba sai da kujera ta faɗi. "Ba ciki ba ne, Raili, tsufa ne! Na daina al'ada, na daina har abada! Likita ta ce babu, kuma ba za a samu ba. Kun ji? Babu!"

Na fita a guje, ko takalmi ban tsaya sakawa ba.

A bakin tafki na zauna, kan katakon da muke tsalle cikin ruwa. Na yi kuka har na gaji, sauro suka ci rabonsu ban kore su ba. Babu wanda ya biyo ni. Can na ga hayaƙi na tashi daga bututun sauna, ɗakin wankan tururinmu, na ce a raina lallai mutanen gidan nan, ko duniya za ta tashi sai sun hura wutar wankan Asabar.

Wajen ƙarfe biyar na ji taku a bayana. Raili ce, da tawul biyu a kafaɗa, idanunta jajur.

"Mata ne farkon shiga sauna. Tashi."

"Ba zan iya ba."

"Ban tambaye ki ba."

Tun da aka yi min aiki babu mahaluƙin da na tuɓe a gabansa da haske, har Ilari. Na tsaya a ɗakin sauya kaya na rungume ƙirjina. Raili ta kama hannuwana ta sauke su. Ta kalli tabon sosai, ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma yi fuskar tausayi ba.

"Ɗinkin ya yi kyau," ta ce. "Ya fi nawa na haihuwar Ilari. Wuce mu je."

Muka hau benci na ƙasa. Ta watsa ruwa kaɗan a kan duwatsun da wuta ta gasa, tururi ya tashi.

"Na yi wauta," ta ce daga baya. "Tsohuwar banza, na ga abin da nake son gani. Alhali duk alamomin nan a jikina suke. Shekara shida ina fama."

Na juyo. "Ke ma?"

"Kin zaci me nake yi a ɗakin madara kullum da hantsi? Tankin nan mai sanyi nake runguma, 'yar nan! Rannan direban motar madara ya same ni na manna kumatu a jikinsa. Na ce masa ƙarar injin nake saurara."

Dariya ta kuɓuce min, ta haɗu da kuka, na rasa wanne nake yi.

"Ke da shekara hamsin da bakwai," na ce. "Ni fa? Ƙawayena suna zancen goyo, ni ina zancen ciwon gwiwa. Raili, gobe zan koma Oulu. Ilari yana da sauran lokaci. Ya auri wata, ki samu jikanki, gona ta samu magaji."

Ta ɗebi ruwa cike da ludayi ta sheƙa wa duwatsun, har sai da na sunkuyar da kai don zafi.

"Kin ci sa'a a nan ba a faɗa," ta ce. "Da a kicin kika faɗi wannan, da kin ji abin da ba ki taɓa ji ba. Sau goma sha shida na tuƙa ki zuwa Kuopio, cikin ƙanƙara, kina amai a motata. Kin zaci mahaifa nake kaiwa asibiti?"

"Amma gonar..."

"Gona ƙasa ce. Kafin Rissanen wani ne yake nomanta, bayansu ma wani zai noma." Ta ajiye ludayin. "Ba zan miki ƙarya ba, na so jika. Zan yi kuka, wataƙila in daɗe ina yi. Amma kukana nawa ne, ba ke za ki biya shi da aurenki ba. Juyo in cuɗa miki baya."

Na juya. Ta dinga cuɗa ni a hankali kamar jaririya, tana jan hanci, ni ma ina ja.

"Sauran ki faɗa masa da bakinki," ta ce. "Ni ba 'yar aike ba ce."

Da na fito, Ilari yana zaune a kan matakalar sauna. Jakata na gefensa. Raili ta raɓa mu ta wuce gida ba ta ko waiwayo ba.

"Na je ɗauko igiya a but ɗinki," ya ce, idonsa na kan tafki. "Yaushe?"

"Gobe."

"Da sallama ko babu?"

"Na rubuta wasiƙa..."

"Wasiƙa!" Ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. "Shekara shida, Hilla, sai wasiƙa?"

"Na ga fuskarka, Ilari! Na ga yadda ka yi da ka ga safar nan. Kada ka ce min ba ka so!"

"Ina so."

Na san gaskiya ce, amma jin ta daga bakinsa daban ne. Na zauna a matakala.

"Ina so," ya sake cewa. "Na zaci wani abin mamaki ne ya faru. Daga nan garke na wuce na yi kukana, shanu suna kallona. To sai me?"

"To ka bar ni in tafi mana. Ka zaɓi..."

"Na riga na zaɓa."

"Yaushe?"

Ya durƙusa a gabana, wandonsa duk ciyawa. "Ba ki tuna ba ko? Ranar da aka faɗa mana ciwon. Likita ta ce akwai hanyar ɗebe ƙwai a adana, amma sai an jinkirta magani, kuma irin naki mai gudu ne, ita ba ta son a jira. Ta ce shawara tamu ce. Ke kina zaune kamar gunki. Kika juyo kika ce min, 'Ilari, kai ka faɗa.'"

Na girgiza kai. Ranar nan duk ta goge a kaina, ban riƙe komai ba sai launin labulen ofishin.

"Me ka ce?"

"Na ce a fara gobe." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ta tambaye ni ko na fahimci abin da hakan zai iya jawowa. Na ce na fahimta. Shekara biyu ina tsoron ranar da za ki tuna, ki ce ni na hana ki haihuwa. Da na ga jakar nan na ce shi kenan, ta tuna."

"Kai... kai kake tsoron in tsane ka?"

"Kullum."

"Amma kai wawa ne, Ilari Rissanen!"

"Na ji. Ke kuma mai wasiƙa fa?"

Na faɗa jikinsa. Warin garke yake yi, ban damu ba. Ya riƙe ni gam yana magana cikin jiƙaƙƙen gashina.

"Zinariya, ɗan da ban taɓa gani ba zan iya kewarsa in rayu. Ke kuwa na gwada tunanin gidan nan babu ke, dare ɗari na gwada lokacin da kike kwance. Ba ya yiwuwa. Kada ki sa ni in sake."

"Na zama tsohuwa fa. Masifa, zufa, rashin barci..."

"Dama ina da niyyar zama da ke har ki tsufa. Kin dai riga ni isa ne."

Na kai masa duka a kafaɗa ina dariya. Sai kuwa na ji ta taso, daga ƙirji zuwa wuya, ba ta ko duba halin da ake ciki ba.

"Sake ni, sake ni! Ga ta nan ta zo."

Ya sake ni da sauri, ya matsa gefe ya ba ni iska, amma ya riƙe ɗan yatsana guda.

"Ka je ka yi wankanka," na ce ina haki. "Wutar sauna za ta mutu."

"Ta mutu."

"Tawa wutar tana daɗewa fa wani lokacin."

"Ina nan."

Ta yi abin da za ta yi, ta jiƙa ni, ta wuce. Da na buɗe ido yana nan zaune, sauro sun baibaye masa wuya, bai saki yatsana ya kore su ba.

"Ta tafi?" ya tambaya.

"Ta tafi. Za ta dawo."

"To," ya ce, ya miƙe ya ɗauki jakata. "Ta same mu a gida."