Dutsen da Ya Karkatar da Allura

"Kwanta, tsohuwa! Ina dutsen?"

Orest ne ya daka tsawar, bindiga a hannunsa. Abokinsa Lorne ya tokare ƙofa. Fashi da safe ƙiri-ƙiri, a garin da kowa ya san tarin kowa! Tunda aka rufe ramin ma'adinai mazan garinmu suka lalace. Orest ƙanena ne.

Madam Solheim, wadda ta tsufa tana auna duwatsun ramin, ta nuna akwatin gilashi. Ɗan dutse ne mai ruwan tagulla, gefensa ya fara baƙi. Eskebonait sunansa, wurare kaɗan ake samunsa a duniya, kuma wani attajiri a kudu ya ƙwallafa rai a kansa.

"Orest, na gane muryarka, ɗan nan," ta ce. "Ɗauka, amma kada ka kusantar da shi da—"

"Rufe mana baki!"

Tas! Gilashi ya tarwatse. Suka yi waje.

A bakin Tafkin Athabaska, wanda ya daskare, babur ɗinsu na tafiya kan ƙanƙara yana jira. Orest ya riga Lorne hawa.

"Matsa mana, maza!" in ji Lorne.

"Ka yi nauyi, mutumina. Sai wata rana!"

"Kai, ɗan iska! Orest!"

Nan ɗan sanda Kofur Teasdale ya tarar da Lorne, yana zagi yana kuka. Kofur ya dubi tafki. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat.

"Ina ya nufa?"

"Kudu, Yallaɓai. Yana da kamfas."

Kofur ya bi sawun babur. Sawun yana lanƙwasa a hankali zuwa bakin kogi, inda ko kare ba ya taka ƙanƙarar saboda rashin kaurinta.

Mazanmu a wuyan hannu suke ɗaura kamfas, na'ura mai allurar da ke nuna arewa, kuma abin da suke tsoron yarwa cikin safar hannu suke cusa shi. Nan Orest ya cusa dutsen. Shi kuwa dutsen maganaɗisu gare shi. Allura ta bar arewa ta bi shi.

Sawun ya ƙare a wani baƙin rami inda ƙanƙara ta fashe, ruwa na motsi a ciki.

Lorne yana kurkuku. Ƙanena ko gawarsa ba mu samu ba. Madam Solheim ta zo mana gaisuwa tana dogara sanda. Ba ta tambayi dutsenta ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Da ma ya bar ni na ƙarasa maganar."