'Yar Gwangwani da Kafinta

"Riƙe mana da kyau, Kafinta! So kake in buge yatsana?"

Cikin dariya ta faɗa, guduma a hannunta, ƙusa a gindin tsohuwar butar shayi. Karo na uku ke nan butar tana suɓuce masa.

Shi bai yi dariya ba. Hannunsa na dama ya zuba wa ido kamar na wani.

"Ba ni na sake ta ba, masoyiya... hannun ne."

Shekara biyu suna wannan aiki a bayan shagonsa. Takan bi gidaje ta karɓo abin da aka yar: buta mai yoyo, kofin da ya rasa mariƙi, gwangwanin madara. Shi ya huda mata gindinsu don ruwa ya sami mafita, ita ta zuba tsakuwa, ta bi da gawayi da yashi, ta dasa tsirran nan masu kaurin ganye da ba su damu da ruwa ba. 'Yar Gwangwani yake ce mata, har unguwa ta ɗauka. Kwanan nan ne ya fara miƙa mata gudumar, wai ta koya. Ashe ɓoyo yake.

Saura wata huɗu aurensu likita ya ce ciwon jijiya ne, mai ci a hankali, kuma ba ya komawa baya.

Yayarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu, ta yi tsalle ta dire.

"Kin saba kwaso abin da aka zubar, amma mutum ba buta ba ne! Jinya za ki je yi ko aure?"

"Yaya, ina sonsa..."

"So ba ya ɗaga mutum daga kan gado!"

Ba a yi sati ba 'Yar Gwangwani ta tarar da shagon a rufe, tsirranta jere a ƙofa cikin rana. Ta kira shi ya fi sau ashirin kafin ya ɗauka.

"Ba na bukatar tausayinki. Ki nemi mai hannu biyu."

Ƙit, ya kashe.

Wata biyu ta yi kamar an zare mata laka. Mai fentin da ke maƙwabtaka da shagon, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta, ya fara zarya gidansu, Yaya tana shimfiɗa masa tabarma. Ran nan garin cika baki ya saki layi.

"Ai ni na taimake ki. Na ce masa da bakinki kika ce tausayi ne ya hana ki gudu."

Ta miƙe tsaye.

"Ka ari bakina ka ci min albasa? Allah Ya isa tsakanina da kai!"

Ko takalmi ba ta daidaita ba ta nufi gidan mahaifiyar Kafinta. A tsakar gida ta same shi kan keken marasa lafiya, ya rame, cokali ya faɗi gefen ƙafarsa ya kasa ɗauka.

"Ƙarya ya yi maka, Kafinta! Wallahi ban faɗa ba!"

"Na sani."

"Ka sani?"

"Tun bai rufe baki ba na sani. Hanya nake nema in sake ki, shi kuma ya kawo min ita." Hawaye ya gangaro masa, ba hannun sharewa. "Dube ni, hasken idona. Me zan ba ki?"

Ta durƙusa ta share masa da gefen mayafinta.

"Wa ya ce maka karɓa na zo yi?"

Aka ɗaura auren ba Yaya.

Wata goma sha ɗaya suka samu. Ta mayar da aikinta bakin tagarsa, tana dasawa yana gyara mata da baki. "Tsakuwar ta yi kaɗan, 'Yar Gwangwani, rowa har da dutse?" Ta harare shi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga baya muryar ma ta fara tafiya, sai ta kai kunne bakinsa.

A wata na tara Yaya ta shigo. Ba ta gaishe shi ba, ba ta dubi ƙanwarta ba. Ta tattara rigunansa ta wanke, ta shanya, ta tafi. Kullum haka.

Wata safiya 'Yar Gwangwani ta kawo masa ruwan wanke fuska, ta kira shi sau uku, bai buɗe ido ba.

Bayan mutane sun watse, Yaya ta zauna kusa da ita, muryarta a dashe.

"Ban taɓa neman gafararsa ba, ƙanwata. Nauyi ya hana ni... yanzu ina zan gan shi?"

"Ya yafe miki, Yaya. Tun ranar da kika fara wanke masa kaya ya ce in gaya miki." Ta sunkuyar da kai. "Ni ce na ƙi faɗa, don ina jin haushinki."

Yaya ta jawo ta jikinta. Sai a lokacin kukan da ƙanwar ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.