Sunayen Kasuwar Maigatari

A tashar Gumel suka fara haɗuwa, wata Talata da hantsi. Naja'atu ta rungumo fayil tana cigiyar motar Sule Tankarkar, shi kuma Rufa'i direba yana ta goge gilashin da ba ya buƙatar gogewa. Kallo ɗaya ya yi mata ya manta akwai fasinja a motarsa.

"Malama, ina zuwa da takardu haka? Ko ƙidaya aka fara ba mu sani ba?"

Ta dube shi sama da ƙasa kafin ta amsa. "Ba ƙidaya ba ce. Buƙatun jama'a muke tattarawa kafin zaɓe."

A hanya ta yi masa bayani. Ƙungiyarsu ta farar hula, Muryar Iyaka, tana bin gari-gari tana karɓar sa hannun masu zaɓe. Za a haɗa da na sauran jihohi a kai Abuja, a nemi 'yan takarar shugaban ƙasa su yi alkawari a kai. Buƙatar yankin biyu ce: taki ya iso kafin damina, kuma kada a sake rufe boda ba a ji ta bakin masu cin abinci a kanta ba.

Aikin ba sauƙi. A Gagarawa wani dattijo ya ɓoye hannunsa cikin riga, ya ce duk mai takarda gab da zaɓe katin zaɓensu yake hari. Rufa'i ne ya riƙa shiga gaba yana gaisuwa har a saurare ta. Kafin wata ya ƙare, ya koma direbanta ba tare da kowa ya ɗauke shi aiki ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Malamata, ni ma ina da buƙata guda, amma ba ta Abuja ba ce. Wa zan kai wa?"

Ta yi murmushi ta rubuta: "Direbana, ofishin da ke karɓar irin wannan yana gidanmu. Shugabansa kuwa ba ya dariya."

Gaskiya ta faɗa. Malam Ɗantsoho, mahaifinta, tsohon malamin makaranta ne da ya ga zaɓuɓɓuka da yawa.

"Direban tasha, a shekarar zaɓe, ya manne wa mai riƙe da sunayen jama'a?" in ji shi. "Naja'atu, ki buɗe idonki. Ki bincika wa ya aiko shi."

"Baba, ba wanda ya aiko shi."

"Haka kike fata. Fata daban, sani daban."

Maganar ta tsaya mata a rai, musamman da ta sha ganin Rufa'i yana ɗaukar Zayyad a mota. Zayyad mai yaɗa labaran wani ɗan takara ne, ya taɓa neman aurenta ta ƙi, kuma ba ya ƙaunar ƙungiyar ko kaɗan.

Wa'adi ya matso, sunayen Maigatari ba su cika ba. Rufa'i ya karɓi takardu ranar Alhamis ya nufi kara, wajen cinikin shanu, ya dawo da suna ɗari uku. Naja'atu ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Bisa ƙa'idar ƙungiya aka manna sunayen a bangon ofis, kowa ya gani.

Kwana biyu, sai ga muryar Zayyad tana yawo a wayoyi: wai Muryar Iyaka tana shigo da baƙi daga Nijar don maguɗi, ga sunayen mutanen Dungas da Magarya nan a bango. Kafin azahar uwar ƙungiya ta dakatar da Naja'atu, ta ce za ta jingine sunayen yankin gaba ɗaya. Wahalar wata uku na shirin tafiya a banza, har da amanar dattawan da suka fitar da hannu daga riga saboda ita.

Ta same shi a tasha, idonta jawur.

"Rufa'i, dubi idona. Zayyad ne ya sa ka?"

"Subhanallahi! Ni?"

"Kai ka kawo sunayen, shi ya san inda zai duba. Me kake so in ɗauka?"

Ta juya ta tafi, kuma kwana uku ba wanda ya ga motarsa. Wannan ɓacewa ta ƙara mata zargi, ta yi kuka har ta gaji, don tana sonsa kuma ba ta yarda da shi ba.

Ranar taron jin bahasi, zauren ya cika. Malam Ɗantsoho na zaune a gaba, Zayyad na gefe yana latsa waya. Sai ga Rufa'i ya shigo tare da shugaban dillalan kara, ya nemi izinin magana.

"Jama'a, laifin nawa ne, ba na Naja'atu ba. Ba wanda ya aiko ni, rashin sani ne da son burgewa. Na shiga kara na ce wa ke son a daina rufe boda, kowa ya miƙo hannu. Ban tambayi kati ba. Mutanen nan tare muke cin tuwo, tare muke jana'iza. Wallahi ban taɓa kallonsu a matsayin baƙi ba."

Ya ce kwana ukun nan bin sunayen ya yi ɗaya bayan ɗaya, dillalai na shaida. Ya ɗauki biro ya fara soke na mutanen Nijar a gaban kowa, yana kiran suna. Da ya zo kan na ƙarshe, ya kira shi a hankali.

"Sajo na Dungas. Ƙanin mahaifina ne, a gidansa aka yaye ni."

Ya soke. Zayyad ya sulale ya fita. Wakilan ƙungiya suka duba sauran, suka same su daidai, suka ce sunayen yankin za su tafi Abuja, Naja'atu kuma ta koma bakin aikinta.

Da yamma ta rubuta masa: "Direbana, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini."

Ya amsa: "Malamata, ni na jawo. Da kin yarda da ni ido rufe, da ba ki cancanci riƙe amanar jama'a ba."

Malam Ɗantsoho da kansa ya aika a kira shi. "Na zaci mayaudari ne kai, ashe gaggawa ce ke damunka. Ita tana da magani. Wanda ya iya tsayawa gaban gari ya ɗauki kunyarsa, zai iya riƙe mini 'ya. Turo magabatanka."

Bayan sati shida aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Da liman ya tambayi wakilin ango, wani dattijo mai farin rawani ya matso, ƙurar hanyar Dungas na kan takalminsa.

"Ni ne, Sajo. A takardar zaɓe ba ni da hurumi, ɗana ya yi daidai da ya cire ni. Amma a nan, ba mai cire ni."

Malam Ɗantsoho ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na ba ɗanka 'yata. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Daga cikin gida Naja'atu ta ji amin ɗin jama'a ta tashi gaba ɗaya, ta mutanen nan da ta mutanen can, ta rufe fuska da mayafi tana hawayen farin ciki.